Ledar Juma'a a kudancin Ohio

Yau Juma'a na bi masu aikin sa-kai zuwa wata makarantar firamare a kudu maso gabashin jihar Ohio ta ƙasar Amurka, inda ake raba wa yara ledar abincin Asabar da Lahadi, domin da yawansu abincin makaranta ne kaɗai suke da tabbacin samu. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta karɓi tata, ta buɗe, ta ƙirga gwangwanayen miya da ƙunshin taliya da yatsa, sannan ta ɗago kai ta tambaye ni a hankali ko za a ƙara mata madara ɗaya, saboda ƙanenta bai isa shiga makaranta ba. Babu kuka a idonta, lissafi kawai take yi irin na uwar gida, kuma wannan ne ya fi sosa mini rai.

Ohio tana da gundumomi 88, amma yunwar ba ta rabu daidai a tsakaninsu ba. Gundumar Delaware da ke arewa da Columbus, babban birnin jihar, tana cikin wadata, alhali a gundumomin Vinton da Meigs da Athens da ke kudu maso gabas, inda aikin haƙar kwal ya ja baya, iyaye na fama. Vinton ma ta zauna daga 2013 zuwa 2017 babu babban kantin kayan abinci ko ɗaya. Tun da na dawo gida nake tunanin abin da yaran nan za su ci idan an rufe makarantu domin dogon hutu.