Fitsarin da ya hana ni barci

Zazzaɓi da rawar ɗari suka kwantar da ni, ga fitsari ɗis-ɗis da zafi kamar barkono. Maganin maleriya bai yi komai ba. Da aka gwada fitsarina sai ga E. coli, ƙwayar cutar hanji, ta bi hanyar fitsari ta haura furostet, wato ƙullin naman da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara.

Likita ta ce gubar da ƙwayar cutar take fitarwa ce ke farfasa ƙwayoyin halittar wurin, garkuwar jiki ta taso da faɗa, wurin ya kumbura ya matse bututun fitsari. Magani kuma ba ya ratsa furostet da sauƙi, shi ya sa aka ɗora ni kan na makonni. Masu cewa "sanyi ne kawai", ku je a gwada fitsarinku.