Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Gonar Fadama

Na yi muku alkawarin labarin aurena a wannan mako, amma ku yi haƙuri, maganar gonar fadamarmu da Baffa ya riƙe ta hana ni sakat. Dangi sun yi ta kirana wai in bar tone-tone tunda Baffa ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa. Sai dai Inna kullum cewa take yi, "Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi," kuma ban taɓa ji ta ce yana tsayawa a bakin kushewa ba.

Shekarun Alƙahira ba zan tsaya a kansu ba, karatu ne da yunwa. Darasi ɗaya ne ya zauna mini. A ajin kwatanta addinai malaminmu ya kawo yadda malaman Yahudawa suka fassara wata aya ta Attaura, Littafin Firistoci 16:30, mai magana kan ranar kaffararsu, Yom Kippur, ranar da suke kwana su wuni da azumi. Ayar ta ce za a tsarkake su daga dukan zunubansu a gaban Ubangiji. Rabbi Ele'azar ɗan Azariya ya ce ai laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ke nan. Wanda ke tsakaninsa da ɗan'uwansa kuwa, ranar ba ta kankare shi sai ya je ya nemi yardar wanda ya zalunta. Maganar tana cikin Mishna, kundin dokokin addininsu, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya.

Malam yana bayani, ni kuwa Baffa nake hange a sahun farko, carbi a hannu, takardar gonar marayu a aljihun babbar riga.

Sannan aka zo kan Musa ɗan Maimun, wani babban malamin Yahudawa haifaffen Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya yi likitanci a fadar Salahuddini ya rasu a Masar a 1204. Shi ya tsara abin daki-daki. Ka fara mayar da abin da ka ci. Ko ka mayar, sai ka roƙi gafara. In ya ƙi, ka ɗebo mutum uku ku koma, har sau uku. In ya mutu, ka kai mutum goma kabarinsa ka faɗi laifinka, dukiyar kuma ka miƙa wa magada. Musulunci bai bar mu a duhu kan haƙƙin bayi ba, mun karanta tun muna zaure. Abin da ya girgiza ni shi ne jin wasu mutane daban, da wani harshe, sun zo sun tsaya inda Inna ta tsaya, ita da ko alif ba ta sani ba.

Shekarar da Baffa zai tafi Makka ya tara mu ya ce, "To 'ya'yana, a yayyafe juna." Shi ke nan. Gona ko sunanta bai kama ba. Yaya ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baffa," tana share hawaye da bakin mayafi. Ni na yi shiru, har yau ana goranta mini shirun nan. Inna da ta ji, kwikwiyonta kawai ta ambata.

Ɗan Maimun ya kuma ce haramun ne wanda aka roƙa ya ƙeƙashe zuciya ya ƙi yafewa, kuma na yarda da shi. Da Baffa ya ajiye takardar nan a kan tabarma, wallahi da na yafe kafin ya miƙe.

Bana 'ya'yansa albasa suka shuka a gonar. Na aika wa babbansu cewa ina so mu zauna gaban mai unguwa bayan sallah. Bai amsa ba tukuna.