Dukanci a Damagaram cikin wannan matsi

Rumfata tana Zango, a nan Damagaram, kuma dukanci gadonsa na yi. Mahaifina baduku ne, shi ma a hannun nasa mahaifin ya koya. Takalma muke yi, da jakar mata, da alabe, da gafakar Alƙur'ani, da matasan kai na fata irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya. Kafin damina ta 2023 mu bakwai ne a rumfar. Yau mu uku ne: ni da ƙanena da yaro ɗaya.

Shekara biyu na yi a gaban Baba bai bar ni na taɓa wuƙa ba. Aikina shi ne in bi shi majema in ga yadda yake zaɓen fata. Zai ɗaga ta ya saita rana, don ya ga tabon ƙaya ko inda wuƙar mai fiɗa ta ci. Zai ninke ta gida huɗu ya matse, ya saki. In ta bar layi fari, bagaruwa ba ta ratsa ta ba, sai ya ajiye ko da majemin abokinsa ne. Daga nan ya kai ta hanci. Ya ce da ni, "Fatar da aka yi wa gaggawa a jima, wari take tona kanta ranar da ruwa ya taɓa ta." Har yau haka nake saye. Fatar jar akuya ta wajen Maraɗi nake nema, don ƙwayarta ƙanana ce, tana da laushi amma ba ta yagewa a bakin ɗinki. Janta kuwa da karan dafi muke yi, a jiƙa shi da ruwan kanwa, a shafa, a bar shi ya sha iska a inuwa, a sake shafawa, sannan a bi da man gyaɗa a goge har ta ɗauki sheƙi. Wannan ja ba ya zuba a ƙafar mutum ranar Idi. Ɗinkin gafaka da zaren fata nake yi, da basilla, huji bayan huji, kuma gafakar da Baba ya ɗinka wa wani malami a Birni tun ina yaro tana nan a hannun ɗansa.

Da aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, kwana huɗu tsakani ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Mu nan Damagaram rabin numfashinmu Kano ne: gam, da zare, da ƙarfen jaka, da tafin takalmi, duk ta hanyar Matamaye da Magarya suke shigowa. Rana ɗaya abin ya tsaya, sai ta ɓarauniyar hanya a kan babur, da kuɗi ninki. Aka ce mana zancen ƙasa ne, mu yi haƙuri. Wallahi mun yi. Ni da kaina na fita taron goyon bayan sojoji, don ba na son wani daga waje ya riƙa faɗa wa Nijar yadda za ta kwana.

An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma kasuwa ba ta dawo ba. Naira ta riga ta zube tun da aka sake ta a 2023, don haka ƴan kasuwar Kano da suke ɗaukar takalmana dozin-dozin suka ce sefa ta fi ƙarfinsu. Kayansu kuma suka zama araha a wajenmu. Iyakar Benin tana rufe, kayan da suke zuwa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja, shi ya sa buhun shinkafa ya hau. Magidancin da yake lissafin tiyar hatsi ba zai tsaya gaban rumfar baduku ba.

In ya tsaya ma, ga ƴan roba. Ku shiga kasuwar Dole ku ga tulin takalman da ake kira na fata. Leda ce aka manna a kan kwali, aka buga mata zanenmu da inji, har da irin tauraron da muke yi a kan hanci. Wata Hajiya ta zo kwanan baya neman takalman aure. Na ce jika shida. Ta ce, "Haba Malam, can jika biyu aka ce mini, kuma iri ɗaya ne." Na ce, "Hajiya, ki kawo shi nan mu kara masa ashana a gefe. In fata ce ƙaurin gashi za ki ji, in ya narke kin ga abin da kika saya." Ta yi shiru, ta ce ba ƙin gaskiya take yi ba, ƴaƴa uku za ta aurar. Na rage mata abin da zan iya, raina bai so ba, amma ban ga laifinta ba.

Majema su ma suna kuka. Masu ganda suna bin mahauta su kwashe kirgi tun yana ɗanye su yi kudu da shi a ci. Ruwa kuma, kowa ya san halin Damagaram da ruwa, jima kuwa ruwa take sha. Wani da na shekara goma ina saye a wurinsa ya fara gajarta kwanakin bagaruwa don ya juya kuɗinsa da wuri. Sau biyu ina mayar masa da fata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu a hanyar Tanut, tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana. An ja bututu kusan kilomita 2,000 daga Agadem har bakin teku. A Yuli 2024 aka rage litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, muka yi murna, kuma na yaba rage kuɗin asibiti da aka yi. Amma a Maris 2025 sai ga mu a layin gidan mai, a garin da matatar take. Man sumoga na Najeriya da muka dogara da shi ya ƙafe tun da aka cire tallafi a can, matatar kuma ba ta iya ɗaukar ƙasar duka. Wannan abu ne da ɗan kabu-kabu ma ya hango tun da wuri. Ta yaya waɗanda aka ɗora wa lissafin ƙasa ba su shirya masa ba?

Na ga irin wannan a Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, ɗan garin nan Mahamane Ousmane yana kan mulki. Ina tuna Baba zaune da almakashi a hannu bai yanka komai ba har azahar. Amma a wancan lokacin akwai Turawa masu yawon buɗe ido da suke tsayawa a hanyarsu ta Agadas, su sayi jaka su yi oda. Yanzu babu su, ma'aikatan ƙungiyoyi ma sun ragu sosai.

Kullum a rediyo ana cewa mu ci namu, mu sa namu. To ga namu. Ni ban roƙi a raba mini buhu ba. Ɗamarar soja, da jakar ƴan makaranta, da jakar takardu da ake rabawa a tarurruka, a ba dukawan Damagaram da Maraɗi da Tawa su ɗinka, a zo a duba aikin, wanda ya yi ha'inci a ƙwace. Maimakon haka, mai karɓar haraji ne kaɗai bai taɓa saɓa ranarsa ba. Ya zo ya tarar da teburi huɗu babu kowa a kai, ya rubuta abin da ya saba rubutawa.

Yaran nan huɗu da suka tafi, biyu suna wajen haƙar zinariya a arewa, ɗaya yana kabu-kabu, ɗaya ya bi mota zuwa Aljeriya. Na ƙarshen shi ne ya fi hannu. Shekara biyar na yi ina koya masa feƙe bakin fata har ta yi siriri kamar takarda ba tare da ta huje ba. Ranar da zai tafi ya ce, "Kawu, ka ajiye mini basillata." Tana nan cikin gwangwani a kan teburinsa, kusa da wata jaka ja da ya yanka bai gama ɗinkawa ba. Ƙanena ya ce mu ƙarasa ta mu sayar kafin Sallah, na ce a bar masa.