Wuyan mai tallar nono ya daina tsagewa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zubin gilashi. Alhamdu lillahi, siffar gilashin da na zuba ta mai tallar nono ta fito daga tanderu garau, babu tsaga a wuya. Tsayinta santimita 24, gilashin koriyar kwalba, ba fuska, sai mayafi da kafaɗa da ƙwarya a ka. Na kara ta tsakanin farin allon kwamfuta da tabarau mai kashe ƙyalli, na juya tabaran, don haske mai ƙarfi shi ke nuna inda gilashi yake cikin matsi: babu haske mai ƙarfi a wuyan, sai ɗan hazo a gindi. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Da yawanmu muna ɗora laifin tsagar wuya a kan saurin hucewa kaɗai, sai mu yi ta ƙara awoyi, abu kuma ya ci gaba da tsinkewa a wuri ɗaya. Saurin yana ciki, amma akwai abubuwa biyu da suka riga shi.

Na farko kauri. A tsohon ƙirar, jiki dunƙule ne mai milimita 60, wuya kuwa 14. Wuya ya gama sandarewa tuni, cikin jiki bai daina tsukewa ba, to dole ya ja abin da ya fi rauni. Maganin yana nan kusa da mu: kawunan Nok da aka haƙo a kudancin Kaduna rami ne a cikinsu, kaurin bangon kusan ɗaya, shi ya sa yumɓun ya jure gashi. Haka na yi wa jikin. Na sa dunƙule na haɗin mazubi a ciki domin jikin ya zama rami, bango ya koma milimita 15, na kai wuya 18, sannan na sauko da mayafin daga kai zuwa kafaɗa domin kauri ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Duk wata kusurwa mai kaifi a siffar kakin zuma, wadda ake gina mazubi a kanta, na shafe ta da ɗumin cokali, don daga nan tsaga take farawa.

Na biyun shi ne wanda ya fi cin rai, domin ba a ganinsa: mazubin da kansa ke shaƙe wuyan. Kai da kafaɗa duk sun fi wuya faɗi, shi kuwa haɗin POP da silika (garin farin ma'adinin yashi) da aka yi mazubin da shi ya cika tsakaninsu. Gilashi na so ya tsuke, kai na matsowa wajen kafaɗa, mazubi ya tokare, kamar an sa turmi tsakani. In haɗin ya yi tauri, wuya ne zai biya. Don haka yanzu haɗi biyu nake yi. Na waje dai yadda kuka sani, POP ɗaya, garin silika ɗaya, ruwa ɗaya, duk a kan sikeli, da wayar kaji da garin gasasshen bulo a shafi na biyu. Na kewayen wuya da na dunƙulen ciki kuwa, bayan siririn shafi na farko, ina zuba dusar katako da aka tankaɗe, kimanin kashi ɗaya cikin biyar a awon gwangwani. Wuta za ta cinye dusar, ya rage haɗi mai rauni da gilashi zai iya murƙushewa. Alamar kun dace, bayan gashi ku iya kwakule shi da tsinken tsire, ba da kurfi ba. Dusar kada ta taɓa fuskar kakin, in ba haka ba jikin zai fito da ƙuraje.

Kife nake zuba ta, kai ƙasa. Ku tuna dunƙulen ciki ya fi narkakken gilashi rashin nauyi, zai taso. Na ratsa shi da sandar ƙarfen da ba ya tsatsa, na danne kawunan sandar da bulon tanderu. A bakin ƙwarya na dasa tsinken tsintsiya huɗu don iska ta sami mafita. Yawan gilashi: a nutsa kakin a ruwa, kowace mililita a ninka da giram 2.5, a ƙara ɗan rara a cikin tukunyar shuka furanni da ke sama, wadda gilashi ke narkewa a ciki ya zubo mazubi.

Kwalba kuwa iri ɗaya, kamfani ɗaya. Kore da kore ba lallai su jitu ba. Manyan ɓaraguzai, ba gari ba, don gari kumfa yake kamawa ya dushe.

Ga wutar da ta yi mini aiki. Digiri 50 na Celsius a awa har 200, a tsaya sai madubi ya daina yin gumi a bakin ramin iska. A haura 600 a hankali, daga nan a tafi 920, awa biyar, domin gilashin kwalba taurin kai gare shi, ba ya malala kamar wanda aka yi don zubi. A sauko da sauri zuwa 545, a riƙe awa shida, sannan digiri 6 a awa har 480, 12 a awa har 400, sai 40 a awa. Lissafin na mai kaurin milimita 40 ne, wato kusan ninkin wuri mafi kauri, saboda siffar ba shimfiɗe take ba. Masu amfani da gilashin kamfanin Bullseye ku lura, naku 482 ne wurin riƙewa, ba 545 ba.

Daga 545 zuwa 400 kusan yini da kwana ne, kuma ɗauke wuta ko na rabin awa a tsakanin nan ya isa ya ɓata komai, balle da sanyin hunturun Samaru da asuba. A kan janareta na yi shi duka. Kuɗin man ya fi na POP da silika da kaki a haɗe, abin ya yi mini zafi ƙwarai. Mai shirin yi ya tara siffa biyu ko uku ya gasa tare.

Abin da ya rage shi ne farin ɓawon da ke fitowa a gefen zani, inda gilashi ya daɗe a buɗe cikin zafi. Wanke ɓaraguzan da sabulu da ruwan zafi ya rage shi. Zubi na gaba zan fesa ruwan boras, wato garin sinadarin borax da aka narkar a ruwa, a rabi, in bar rabi haka, mu ga bambanci. Wanda yake da hanya a sashen fasahar gilashi na Jami'ar Ahmadu Bello, don Allah ya tambayo mana irin ƙarfin haɗin da suke fesawa.