Daren da allunan suka koma shuɗi

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa katin shiga da wayar aiki, na fito daga asibitin da na shafe shekara tara ina dutin dare a cikinsa, a wani gari na jihar Ohayo. 'Yan uwa ma'aikatan jinya da ke gida suna karatun NCLEX, jarrabawar samun lasisin aikin jinya a Amurka, sun sha tambayata abin da aikin Amurka ya koya mini. Na daɗe ina kauce wa amsa, domin mafi yawan abin da zan faɗa a dare ɗaya ya faru, kuma ba dare ne da nake son tunawa ba.

Daren Alhamis ne wayewar Juma'a, 19 ga Yuli 2024. Na karɓi majinyata shida da ƙarfe bakwai na yamma. Sha biyun dare ta ɗan gota, sai allon kwamfutar da nake turawa ɗaki-ɗaki ya koma shuɗi. Na kashe na kunna, ya sake komawa. Na leƙa teburinmu, duk wanda na kalla shuɗi. Sai da gari ya waye muka ji cewa wani kamfanin tsaron kwamfuta da ke Texas ne ya tura gyara mai matsala, daga baya kuma Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 suka tsaya a duniya. Jirage suka kasa tashi, layin neman agaji na 911 ya samu tangarɗa a wasu jihohi, manyan asibitoci suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Mu dai a hawa na huɗu abin da muka sani shi ne babu fayil ɗin kowa.

Wanda bai yi aiki a nan ba zai yi wuya ya gane girman wannan. A 2008 asibitocin Amurka da ke da fayil na kwamfuta ba su kai ɗaya cikin goma ba. Aka yi dokar HITECH a 2009, gwamnati ta zuba biliyoyin daloli, zuwa 2021 kashi 96 cikin ɗari sun koma kai. Umarnin likita a ciki yake, sakamakon gwaji a ciki, abin da jikin mutum ba ya so a ciki. In za ki ba da magani, ki haska abin hannun majinyaci, ki haska ƙwayar, allo ya ce bismillah ko ya ce dakata. In maganin hawan jini ne, ba zai bar ki ki wuce ba sai ya nuna miki awon jini na ƙarshe. Ku riƙe wannan maganar.

Muka ɗauko akwatin takardun da aka tanada don irin wannan rana. Fom kaɗan ne a ciki, wasu sun yi ƙura, wasu ma na sashen da aka rufe tun kafin in zo. Mu huɗu ne a kan duti, ukun duk ba su kai talatin ba, kuma babu wadda ta taɓa rubuta rahoton majinyaci da biro. Likitan dare, dattijo ne, ya rubuta umarni da haɗaɗɗen rubutu, ɗaya daga cikin yaran ta kawo mini takardar hannunta na rawa, ta ce ba ta iya karanta irin wannan rubutu. Ba laifinta ba ne. Tun wajen 2010 makarantu da yawa suka daina koyar da shi. Na zauna na ja musu layi a farar takarda yadda muke yi a Kano: suna, magani, adadi, lokaci, sa hannu. Na nuna musu yadda ake lissafin magani da nauyin jiki ba tare da na'ura ba. Na sa a riƙa sauka ɗakin gwaji da ƙafa ana karɓo sakamako. Duk wanda ya rikice sunana yake kira, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan. Shekaru ana yi mini kallon wadda ta fito daga inda babu kayan aiki, ga shi rashin kayan aikin ne ya riƙe sashen a daren.

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na shiga ɗakin wani dattijo ɗan shekara saba'in da takwas, tsohon direban motar makaranta, mai ciwon huhu da ya fara samun sauƙi. A takardar da na bugo tun farkon duti akwai sunan maganin hawan jininsa da lokacinsa, ƙarfe shida. Na tambaye shi sunansa da ranar haihuwarsa, na duba abin hannunsa, na ba shi ƙwayar da ruwa, ya yi mini godiya, na fita da sauri domin ana kirana a wani ɗakin.

Ban auna jininsa ba.

Wajen bakwai saura kwata muka ji ƙarar faɗuwa. Ya tashi zai shiga banɗaki, jiri ya kwashe shi. Na tarar da shi a ƙasa, ƙafar hagu ta juya waje kuma ta gajarta, kallo ɗaya na san ƙashin ƙugu ne. Da na auna, jinin ya sauka ƙasa da tamanin. Mataimakiyar da ke zagayen awo ta laluba aljihu ta fito da tsumman takarda na goge hannu, a jiki ta rubuta lambar ɗakinsa da 94/52, awon ƙarfe huɗu. Ta neme ni ba ta gan ni ba, aiki ya sha kanta. A kowane dare na'urar awon ce ke aika lambar da kanta, ta fito ja a allona. Umarnin likita ya ce kada a ba da maganin in jinin bai kai ɗari ba, amma wannan layin a allo yake fitowa, takardata ba ta ɗauke da shi.

Na juya maganar nan a raina ta kowace fuska, kullum a wuri ɗaya take tsayawa. A shekarata ta farko a makarantar jinya aka koya mini kada in ba da wannan magani sai na auna. Metiron ɗinmu, Allah Ya jiƙanta, takan riƙe wuyan hannun ɗaliba ta ce, "'Yata, taɓa mutum kafin ki ba shi magani." A gida na yi shekara shida ina yin hakan ko barci nake ji, da abin awo na matsawa da agogon ƙirji. Ban san ranar da na daina ba. Allon ya riƙa tuna mini, sau dubbai, har hannuna ya saki al'adar ya bar masa. Daren da ya yi shiru, babu abin da ya motsa a cikina ya ce tsaya. Ina koya wa wasu aikin takarda, ashe ni ma kayan aro nake sanye da shi.

Laifi tudu ne, kuma na fara da nawa. Yanzu zan faɗi na shugabarmu.

A watan Mayu na 2024 masu kutse sun kulle kwamfutocin Ascension, rukunin asibitoci kusan 140, ma'aikatansu suka yi makonni a kan takarda. Duk mun karanta labarin. Na je ofishin shugabar tamu na roƙi abu biyu: a sabunta akwatin nan, kuma a ware awa biyu a yi atisaye, a kashe allo da gangan a ga abin da za mu yi. Ta ce babu kuɗin biyan awannin, kuma akwai darasi a intanet da kowa ya riga ya danna ya wuce. Na sake tura mata a rubuce, ba ta amsa ba. Bayan faɗuwar dattijon, ita ce ta rubuta rahoto cewa ban bi tsarin da aka tanada don ɗaukewar kwamfuta ba. Na tambaye ta wane tsari, ta juya allonta ta nuna mini shi, shafi goma sha wani abu, ajiye a cikin kwamfutar da ta mutu a daren. Ba a sa saƙona a rahoton ba. Ba a rubuta cewa sauran majinyata ashirin da uku sun kwana lafiya ba. Aka saka mini takardar gargaɗi a fayil, aka cire ni daga jerin masu horar da sababbi. Gargaɗin na cancance shi, na sa hannu ban yi gardama ba. Cire ni daga horarwar ne har yau yake ci mini rai, domin abin da na fi son koya wa yaran kenan.

Duk nas a ƙasar nan ta san sunan RaDonda Vaught, nas ce irinmu. A Disamba 2017, a Nashville, ta buga haruffa biyu na farkon sunan magani a kabad ɗin magani mai kwamfuta, ta tsallake kulle, ta ɗauki maganin da ke shanye jiki a maimakon na kwantar da hankali, majinyaciyar ta rasu. A Maris 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a Mayu aka yi mata ɗaurin talala na shekara uku. Lokacin ina cikin masu cewa ai da ta karanta jikin kwalbar da ba a yi haka ba. Har yanzu gaskiya ne. Sai dai yanzu na san yadda ake kaiwa ga rashin karantawa: gargaɗi ɗari ya fito miki a duti guda, casa'in ba su da amfani, ki saba da danna "wuce", idonki ya koma kan allo ya bar abin da ke hannunki. Asibiti ya sayi na'urar, ya rage ma'aikata saboda ita, ranar da ta gaza kuma lasisin mutum ɗaya ne a kan tebur.

Kada wani ya ɗauka ina zagin na'ura. Ta hana ni kuskure sau da yawa, kuma na ga mutanen da suka mutu a gida saboda fayil ya ɓace ko rubutun likita bai karantu ba. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanen nan suka miƙa mata abubuwan da ya kamata su zauna a ka. Tara cikin goma na manyansu suna da wayar zamani. Na sha tambayar majinyaci lambar matarsa ya ce tana cikin waya, wayar kuma ba caji. Na sha tambayar mutum magungunan da yake sha shekara goma, ya ce in duba kwamfuta. Iyali sukan ga sakamakon gwaji a wayarsu kafin likita ya iso, su zauna gefen gadon uwarsu kowa kansa a sunkuye yana binciken ma'anar lambobin, ita kuma tana kallon rufi. Ni ma da ƙyar nake kai kaina masallacin Juma'a in taswirar waya ta ƙi buɗewa, a garin da na yi shekara tara.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Duk roƙon da kika yi wa shugaba, ki yi shi a rubuce, ki ajiye kwafi a gida. Ki girmama mataimaka, su ne ke fara ganin canji a jikin majinyaci. Ki sayi abin awon jini na matsawa da kuɗinki. Ranar da kowa ke kiran sunanki, ki rage sauri.

An yi wa dattijon tiyata ranar Asabar. Ya yi mako biyar a gidan gashi, ya fita da sandar turawa mai ƙafa huɗu, bai sake tuƙi ba. Na nemi izini na je na gaishe shi kafin a sallame shi daga wurinmu. 'Yarsa na zaune, da na fara magana ta katse ni cikin kirki, ta ce kada in damu, kowa ya san kwamfuta ce ta lalace a daren, har a talabijin an nuna. Na ce mata kwamfutar ta lalace, amma abin awo yana rataye a bangon ɗakin, taku biyu daga inda na tsaya, ni ce ban ɗauko shi ba. Ta yi shiru. Shi kuma ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini hannunsa na dama, ya ce to in auna yanzu. Na auna, 128/70, na rubuta a takarda na ba 'yar.

Ranar Litinin zan fara aikin duba tsofaffi a gidajensu.