Ina sauran watan yake tafiya?

Ana saura 'yan kwanaki a fara duban watan azumi na shiga aji biyu na ƙaramar sakandaren da nake koyarwa a cikin birni, da niyyar mu yi bitar darasin da muka riga muka gama. Duk littafin da na ɗaga na duba, an rubuta daidai: duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, tana zagaya rana cikin kwana 365 da rubu'i, wata kuma yana zagaya duniya. Har na fara jin daɗi, sai wata yarinya da ke zaune can baya kusa da taga ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jinjirin wata ai kamar farce yake. To ina sauran jikinsa yake tafiya?"

Na mayar wa ajin tambayar. Wani ya ce gajimare ne yake rufe shi. Da yawa suka ce inuwar duniya ce take faɗawa a kansa, kuma suka faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Yara sama da sittin, sun haddace lambobin tsaf, amma ba wanda ya iya haɗa abin da ke cikin littafinsa da abin da yake gani a saman gidansu bayan magariba. Abin ya tsaya min a rai, domin in akwai yaron da ya kamata ya gane wannan ilimi cikin sauƙi, to ɗan Kano ne. Da inuwa ake gane azahar da la'asar, da wata ake ɗaukar azumi a ajiye, da wata ake hawan salla. Tun kafin a sa shi makarantar boko yana cikin wannan lissafi tsundum.

Washegari na zo da fitila mai caji, da lemon zaƙi guda shida, da tsinken tsire. Muka rufe tagogi, muka rataya tsofaffin zannuwa a inda haske ke shigowa. Na ɗora fitilar a kan tebur na ce wannan ita ce rana. Na kira yarinyar nan, na soke lemo a tsinke na ba ta, na ce, "Wannan shi ne wata, kanki kuma shi ne duniya. Miƙe hannunki, ki ɗaga shi sama da kanki kaɗan."

Da ta fuskanci fitilar, lemon yana tsakaninta da hasken, ɓangaren da ke kallonta duhu ne ƙirin. Na ce ta juya ta hagu a hankali, kada ta ɗauke ido daga kan lemon. Taku ɗaya ta yi, wani siririn haske ya bayyana a gefen damansa. Ba ni na faɗa ba, ita ce ta yi ihu: "Malam, wata ya tsaya!" Ta ci gaba da juyawa, hasken ya kai rabi, ya wuce rabi, har ta ba fitilar baya, lemon ya cika da haske kamar ɗan daren sha huɗu. Daga nan ya fara zaizayewa ta ɗaya gefen har ya koma duhu.

Amsar tambayarta ke nan. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake ara. Kullum rabin jikinsa yana shan hasken rana, rabi yana duhu, kamar yadda rabin lemon nan bai taɓa fita daga hasken fitila ba. Abin da ke sauyawa shi ne yawan abin da mu muke hangowa daga cikin rabin mai haske. Jikinsa yana nan cikakke ko da yaushe. In ka ƙura wa jinjirin wata ido a daren da sama ta yi garau, za ka ga sauran da'irar a dushe, tana ɗan ƙyalli da hasken da duniyarmu take mayar masa.

Daga nan tambayoyi suka ɓalle, kuma kusan duk sukan amsa kansu da lemon a hannu. Me ya sa ake neman sabon wata a yamma, bayan faɗuwar rana? Saboda a ranar yana dab da rana a sararin sama, ta faɗi shi ma ya bi bayanta ba da jimawa ba. Shi ya sa masu duba ba su da lokaci mai yawa, kuma ƙura ko hazo kaɗan ya isa ya ɓoye shi. Kowace rana yana ƙara matsawa gabas, fitowarsa da faɗuwarsa suna jinkiri da kimanin minti 50. Daren bakwai za ka same shi rabi, a tsakiyar sama da magariba. Daren sha huɗu yana ɓullowa daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Bayan ashirin sai dare ya raba yake leƙowa, abin da duk mai zuwa tahajjud ya sani.

Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne a matsakaici. Tun da ba a raba kwana biyu a ƙidaya, sai wani watan ya yi 29, wani ya cika 30, shi ya sa a daren 29 kowa ke kasa kunne ga sanarwar Sarkin Musulmi. Wata goma sha biyu suna ba da kwana 354, wato shekarar Hijira ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Na gaya musu azumina na farko a cikin sanyi na yi shi, a Disamban 1999, muna sahur a gaban murhu muna makyarkyata. Su kuwa abin da suka buɗe ido da shi azumin Afrilu ne, irin na 2021 da 2022, lokacin da ƙanƙara ta fi komai daraja a unguwa. Na ce su lissafa: in kowace shekara ana ja da baya da kwana 11, shekara nawa za a yi kafin a dawo inda aka fara? Wani yaro ya raba 365 da 11 a gefen littafinsa, ya ce 33. Shi da kansa ya gano, kuma na tabbata ba zai manta ba.

Juyawar duniya kuwa ba ta ba mu wahala ba, don jadawalin buɗa baki ya riga ya koyar da ita. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, digiri 15 a kowace awa, wato minti 4 a kowane digiri. Mutanen Maiduguri suna gabas da mu, rana tana faɗuwa a wurinsu kusan minti 20 kafin mu. Sakkwato suna yamma, sai mun sha ruwa da kusan kwata sannan su sha. Makka tana gaba da mu da awa biyu. Da na ce musu a nan Kano juyawar nan tana tafe da mu da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, wani ya ce, "To Malam, ya ba ma jin jiri?" Na ce ya tuna zama cikin mota a kan titi mai santsi, ba birki ba rami: shayi ma sai ka sha bai zube ba. Abin da jiki ke ji shi ne fizga da tsayawa, ita kuwa duniya ba ta yin ko ɗaya.

Inda na fi daɗewa da su shi ne maganar zafi da sanyi, domin a nan ne kuskuren ya fi kafuwa, har a wurin manya. Kowa ka tambaya zai ce da bazara rana ce ta matso kusa. Amma duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da mu muke fama da hunturu, leɓe na tsagewa. Ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. Ashe ba kusanci ba ne. Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, kamar lemon da aka soke a tsinke aka ɗan kwantar da tsinken, kuma a haka take zagayawa duk shekara ba ta miƙewa. Wata shida arewacinta ne ke jingina wajen rana, wata shida kudancinta.

Don su gani da idonsu, muka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a filin makaranta, muka zuba mata siminti a gindi. Duk ranar Alhamis, wajen sha biyu da rabi, lokacin da inuwa ta fi gajarta, yara biyu sukan je su auna su rubuta. A Disamba inuwar tana nuna arewa, tsawonta ya kusa kashi uku cikin huɗu na sandar. Tana ta raguwa mako bayan mako, har wajen 22 ga Afrilu ta shige gindin sandar ta ɓace. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, kuma a ranakun nan rana tana bi ta tsakar kanmu sak. Ga dalilin zafin Afrilu nan: hasken yana sauka a tsaye, bai bazu ba, ga shi ruwa bai sauka ba balle gajimare ya tare. Bayan nan inuwar takan ɓullo ta kudu, ta zauna can har wajen 22 ga Agusta, sannan ta sake ɓacewa ta koma arewa. Na Agusta ba ma jin zafinsa sosai saboda marka. Ita kanta daminar tafiyar ranar nan take bi: ƙasa ta yi zafi, iska mai laima ta taso daga tekun Atilantika ta kawo ruwa, in rana ta koma kudu iskar Sahara ta karɓe da ƙurarta.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa karanta wannan a boko ba, amma ya san cewa inuwar zawali ba ɗaya take ba duk shekara, kuma sai ka cire ta kafin ka auna shigar la'asar. Ya san rana tana fitowa ta hagun hasumiyar masallacin unguwarmu da damina, ta koma damanta da ɗari. Ina faɗa wa yara wannan da gangan, don kada su ɗauka abin da ke cikin littafin kimiyya baƙo ne a gidansu.

Sai maganar husufi, wadda ta zo da kanta. Wani yaro yana juyawa da lemonsa, hannunsa ya gaji ya sauko, inuwar kansa ta faɗa kan lemon ya yi duhu. Na ce kowa ya tsaya ya duba. Wannan ne kaɗai lokacin da inuwar duniya take taɓa wata, kuma ba ya yiwuwa sai wata ya cika, daren sha huɗu ko sha biyar. Husufin rana kuma sai a ƙarshen wata, lokacin da ya gifta tsakaninmu da ita. Ba ya faruwa kowane wata saboda hanyar da wata ke bi ta karkace da kimanin digiri 5, yawanci sai ya wuce ta sama ko ta ƙasan layin da ya haɗa rana da duniya. Da suka tambayi yadda ɗan ƙaramin wata zai rufe rana, na ce kowa ya rufe ido ɗaya ya kare fitilar da babban yatsansa. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400. Shi yana kimanin kilomita 384,000 daga nan, ita kuwa haskenta ma sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi a hanya.

Ina tuna safiyar Laraba, 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf. Mu a Kano ɗan siririn gefe ya rage, amma gari ya yi wani irin dishi-dishi, zafi ya sauka. Abin da ban manta ba shi ne ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidanmu: duk ɗigon hasken da ya ratso ta tsakanin ganye ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, shimfiɗe a ƙasa. Kakata ta fito da carbi tana salati, maza suka nufi masallaci sallar husufi. Lokacin da muke yara, in wata ya yi husufi mukan fita da gwangwanaye muna bugawa, wai rana ta kama wata. Malamanmu na allo su ne suka fara gyara mana, da abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufi: rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Abu ɗaya nake maimaitawa har su gaji: kada wanda ya kalli rana kai tsaye, ko da husufi ko ba husufi, ko da baƙin tabarau, ko ta cikin ruwan bokiti. Takan ƙona ƙwayar ido ba tare da ka ji zafi ba. A huda kwali da allura, a ba rana baya, a bar hasken ya faɗa kan farar takarda. Na wata kuwa kalle shi son ranka.

Kafin hutun azumi na ba su aiki ɗaya tak. Kowane dare bayan magariba su tsaya a wuri guda a tsakar gida, su zana watan yadda suka gan shi, da inda yake tsakanin katanga da bishiya, har daren sha huɗu. Da aka dawo, yarinyar nan ta kawo nata a cikin tsohon littafin lissafi. Dare biyu ta bar fili ta rubuta "hazo". Sauran sha biyun suna jere daga dama zuwa hagu, suna hawa sama suna ƙara ƙiba, har na ƙarshe ya sauko kan rufin maƙwabtansu na gabas. A ƙasan shafin ta rubuta cewa ranar bakwai ga wata ta gan shi tun da la'asar, kafin rana ta faɗi, tana son in yi mata bayanin wannan in mun shiga aji.