Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fulawar da aka kawo daga Amurka

A makon jiya na tsaya inda na kama aikin kula da fulawa a wani gida a unguwar Nasarawa, Kano. A can na fara sanin wata fulawa da ake kira ekinesiya. Ɗan Hajiyar gidan ne ya zo da irinta cikin 'yar ambulan daga Amurka, ƙasarta ta asali, inda take fitowa da kanta a filayen ciyawa. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna magani da saiwarta.

Ya ce mini irin ya fi tsira idan ya sha sanyi. Na cuɗa shi da yashi mai danshi, na ƙulle a leda, na roƙi a ajiye mini a firiji mako 4. Hajiya ta riƙe baki: "Malam, yau kuma iri ake sa wa a firiji?" Na ce, "Ranki ya daɗe, hunturun garinsu muke ara masa."

Da sanyin Disamba na shuka a tukwane. Shekarar farko ganye kawai ta yi, haka al'adarta take. Zafin Afrilu, da yakan kai digiri 40, bai kashe ta ba. Nakan dai ja tukwanen ƙarƙashin darbejiya bayan azahar. Abin da ya hana ni barci ruwan Agusta ne, domin saiwarta ruɓewa take idan ruwa ya kwanta. Na ƙara yashi a ƙasar, na faɗaɗa hujin tukwanen, na ɗora su kan bulo. Ko da dare aka tsuge da ruwa sai na fito na duba.

A shekara ta biyu ta buɗe. Tsayinta ya kusa mita 1, kunnuwan furen ruwan hoda sun sunkuyo ƙasa, tsakiyar ta taso da ƙaya kamar bayan bushiya. Tun da hantsi ƙudan zuma suke cika wurin. Wallahi ranar sai da na yi ƙwalla.

A garinsu takan bushe da sanyi, ta sake tohowa daga tushe shekara da shekaru. Sanyin Kano bai isa ya ba ta wannan hutun ba, shi ya sa nake barin wasu kawunan su bushe na tara iri.

Wannan irin ne ya haɗa ni da masu sayar da fulawa na bakin titi, kuma da labarinsu zan ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.